Daga Pelindaba Zuwa Jakar Zuciya

Zuciyar mutum tana zaune ne cikin wata jaka mai ninki biyu, ɗaya manne da tsokar zuciyar, ɗayan mai kauri daga waje. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa da bai wuce mililita 15 zuwa 50 ba, wato cokali ɗaya zuwa uku na cin abinci, aikinsa hana gogayya ga tsokar da ke bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda. Ninkin waje ba ya miƙewa da wuri. Idan jini ko ruwa ya taru a cikin jakar farat ɗaya, mililita 150 zuwa 200 sun isa su shaƙe zuciya, su hana ta cika da jini tsakanin bugu da bugu. Idan kuwa a hankali yake taruwa, cikin makonni ko watanni, jakar takan saki har ta ɗauki lita ɗaya ko biyu, mai ita yana harkokinsa, ba abin da yake kuka da shi sai gajiya da haki da nauyin ƙirji.

A ƙasashen Afirka kudu da Sahara tarin fuka ne kan gaba wajen jawo taruwar ruwa mai yawa a jakar zuciya, musamman inda ya haɗu da cutar ƙanjamau. Bayansa akwai ciwon ƙoda da ya yi nisa, da ciwon daji na huhu ko na mama, da raunin ƙwayar tayirod da ke wuya, da abin da kan biyo bayan tiyatar zuciya. Na'urar da aka fi dogara da ita wajen gano ruwan ita ce ta hoton eko, mai aiki da sauti, wadda ake ɗora kanta a ƙirji a ga komai nan take. Hoton nukiliya na zuciya don wata buƙata daban ake yin sa, wato a ga ko jini yana isa kowane sashe na tsokar, ko a auna ƙarfin harbawarta. Amma shi ma yana nuna ruwan, sau da yawa ba tare da an je nemansa ba. Yadda yake nuna shi ya danganta kacokan ga irin sinadarin da ake yi wa majiyyaci allurarsa, shi kuwa sinadarin nan matafiyi ne da ke ketare ƙasashe kafin ya shiga jijiya.

Ɗaya daga cikin wuraren da tafiyarsa ke farawa shi ne Pelindaba, a Afirka ta Kudu, yamma da Pretoria, cikin tsaunukan Magaliesberg, kusa da madatsar ruwa ta Hartbeespoort. A nan tanderun nukiliya mai suna SAFARI-1 yake, wanda aka kunna a 1965, mai ƙarfin megawat 20. Wurin yana da tarihi mai nauyi, don a nan gwamnatin wariyar launin fata ta tace yuraniyom ɗin da ta ƙera bamabamai shida da shi, waɗanda shugaba F. W. de Klerk ya bayyana wa duniya a 1993 cewa an wargaza su. Sunan wurin ne kuma aka laƙaba wa yarjejeniyar hana makaman nukiliya a Afirka, da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996. Yau babban abin da Pelindaba ke fitarwa kayan asibiti ne.

Ana saka wasu siraran faranta masu ɗauke da yuraniyom, irin ƙarfen da ake haƙa a Arlit ta Nijar, cikin tsakiyar tanderun, can ƙarƙashin ruwa mai zurfi da ke ba da wani shuɗin haske idan ana aiki. Sukan yi kusan mako guda a ciki. Ƙwayoyin yuraniyom suna tsagewa, kuma kimanin shida cikin ɗari na tsagewar kan haifar da molibdenom-99. Daga nan sai a kai farantan wasu ɗakuna masu kaurin bango, inda ma'aikaci ke tsaye bayan gilashi mai dalma yana sarrafa hannayen ƙarfe daga nesa, a narkar da su, a tace molibdenom ɗin daga tarkacen da ke tare da shi.

Tun daga lokacin da aka zare farantan daga tanderu ake tsere da agogo. Molibdenom-99 yana rasa rabin ƙarfinsa duk awa 66, kusan kashi ɗaya cikin ɗari ke nan kowace awa. Ba a iya tara shi a sito, ba a iya saye a ajiye don gaba. Tanderun da ke samar da shi ga duniya kaɗan ne, akasarinsu tsofaffi: akwai na Petten a Holan, da na Mol a Beljiyam, da Maria a Folan, da OPAL a Ostireliya, sai na Pelindaba da wasu 'yan kaɗan. A 2009 da 2010, lokacin da na Chalk River a Kanada ya tsaya saboda yoyo, na Petten ma aka rufe shi don gyara, asibitoci a nahiyoyi da dama sun yi ta ɗage gwaje-gwaje. Najeriya tana da nata ƙaramin tanderun bincike a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya fara aiki a 2004, amma ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne kacal, ba a gina shi don wannan sana'a ba. Saboda haka daga waje ake shigo da sinadarin, wani lokaci daga Afirka ta Kudu, wani lokaci daga Turai.

Ba molibdenom ɗin ake yi wa mutum allurarsa ba. Abin da ake so shi ne ɗansa, teknishiyom-99m, wanda yake rikiɗewa ya zama yayin da yake lalacewa. Shi teknishiyom rabin ƙarfinsa kan tafi cikin awa shida, don haka ba zai jure tafiya mai nisa ba, sai dai a ɗauko uban a riƙa cire ɗan a inda ake buƙata. Dabarar yin haka ta fito ne daga ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka a 1958, ta hannun Walter Tucker da Margaret Greene. Ana manna molibdenom a jikin garin alumina cikin wani ɗan bututun gilashi da bai fi yatsa ba, a kewaye shi da dalma mai kauri, a sa cikin mazubi mai kama da ƙaramin bokiti amma mai nauyin da mutum ɗaya ke ɗagawa da ƙyar. Masu sana'ar suna kiran wannan mazubi saniya, cire sinadarin daga cikinsa kuma tatsa.

Daga Pelindaba mota ke kai saniyar filin jirgin sama na O. R. Tambo a Johannesburg, cikin kwali mai tambarin gargaɗi mai kunne uku da lambar da ke faɗin yawan hasken da ke fita daga jikinsa. Tafiyar jirgi zuwa Legas kusan awa shida ce. Ba kowane kamfanin jirgi ke yarda ya ɗauki irin wannan kaya ba, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta daɗe tana fama da wannan ƙin ɗauka, don kaya ne da idan jirgin yau ya bar shi, na jibi zai kawo shi da rauni. A Najeriya sai da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001, ake shigo da shi, sannan ga takardun kwastam. Lissafin a nan ba shi da wuya: kwalin da ya sauka da yammacin Juma'a, ba a sallame shi ba sai safiyar Litinin, ya yi asarar kusan rabin abin da aka biya kuɗinsa yana ajiye a ɗakin kaya.

Daga filin jirgin Murtala Muhammed sai babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, kimanin kilomita 130, ta Shagamu da Ogere inda manyan motoci ke jeruwa a gefen titi. Idan hanya ta yi kyau awa biyu ce, idan cunkoso ya kama ta kuwa sai yadda hali ya yi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, ya samu sashensa na aikin likitancin nukiliya a 2006 da tallafin hukumar nan ta duniya. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja shi ma yana da irin wannan sashe, haka kuma cibiyar nazarin sinadaran nukiliya ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ga ƙasashe masu wannan yawan jama'a wuraren sun yi kaɗan ƙwarai, shi ya sa shi ma majiyyaci yake zama matafiyi. Wanda aka turo daga Kano ko Katsina, in ba Abuja ya nufa ba, zai bi ta Kaduna ya gangara Mokwa, ya ketare kogin Kwara a gadar Jebba, ya wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo, tafiyar yini guda cur ko fiye. Da yawa sukan sauka wurin 'yan'uwa a unguwar Sabo, wadda ba ta da nisa da asibitin. Ranar gwaji kuwa ba majiyyaci ke zaɓa ba. Ana tara masu jira ne a jera su cikin kwanakin farko bayan isowar saniya, lokacin da take da ƙarfi.

Akwai sharuɗɗa kafin a zo. Mace mai ciki ba a yi mata gwajin sai bisa larura babba, mai shayarwa kuma sai ta faɗa tun da wuri. Ana so a zo ba a ci abinci ba na 'yan awoyi. Sai kuma sharaɗin da ya fi kama mutanen Arewa: ba shayi, ba kofi, ba lemon kwalba mai sinadarin kafeyin, ba goro, na tsawon awa 12 zuwa 24. Dalili shi ne wanda ba zai iya gudu a kan na'urar motsa jiki ba, allurar adenosin ko difiridamol ake yi masa don ta buɗe jijiyoyin zuciya, shi kuwa kafeyin da ke cikin waɗannan abubuwa yana toshe daidai wurin da maganin ke kamawa. Takardun gargaɗin da aka kwaikwayo daga Turai kofi da shayi suke ambata. Dattijon da ya kiyaye su duka, amma ya ɓantari goro a mota da asuba don kada barci ya ɗauke shi, ya karya sharaɗin bai sani ba, kuma hotonsa na iya fitowa lafiya lau alhali jijiyar a ƙuntace take. Ma'aikacin da ya san mutanensa da bakinsa yake tambaya: “Baba, an ci goro yau?”

Da sassafe ake tatsa. A wani ƙaramin ɗaki mai ƙofa da tambarin gargaɗi, ma'aikaci sanye da safar hannu, da ɗan bajo a ƙirji mai ƙirga hasken da jikinsa ya sha, yakan kafa kwalbar ruwan gishiri a kan allura ɗaya ta saniyar, ya kafa wata kwalbar da aka zuƙe iskarta a kan ɗayar. Kwalbar da ba iska sai ta ja ruwan gishirin ta cikin bututun. Molibdenom yana riƙe da alumina gam, teknishiyom kuwa riƙonsa sako-sako ne, sai ruwan ya wanko shi. Cikin minti biyu ko uku an gama. Abin da ya fito garau yake kamar ruwan sha, ba launi ba wari, sai an saka kwalbar cikin ma'auni lambobi su hau sannan a san abin da ke ciki. Ana kuma gwadawa a tabbatar molibdenom bai biyo ruwan fiye da ƙa'ida ba. Bayan kamar awa 23 saniyar ta sake tarawa, gobe a sake tatsa, kullum abin da ake samu yana raguwa.

Teknishiyom shi kaɗai bai san hanyar zuciya ba, sai an haɗa shi da abin da zai kai shi. Hanya biyu ce. A ta farko ana zuba shi cikin kwalbar wani gari mai suna sestamibi, a dafa cikin tafasasshen ruwa minti goma, ko kuma tetrofosmin wanda ba ya buƙatar dahuwa. Idan aka yi allurar wannan haɗi, jini yakan kai shi tsokar zuciya, ya shige cikin ƙwayoyinta masu rai ya maƙale, gwargwadon jinin da kowane sashe ke samu. Wani kaso mai yawa kuma hanta ke kwashewa ta tura matsarmama, shi ya sa ake sa majiyyaci ya jira minti 45 zuwa awa guda, wani lokaci a ba shi madara ko ruwa, don hasken hanta ya ragu kada ya rufe gindin zuciya. A hanya ta biyu jinin kansa ake yi wa alama: a fara allurar wani sinadari mai kuza, bayan kamar minti 20 a bi da teknishiyom, sai ya shige jajayen ƙwayoyin jini ya zauna. A ta farko bangon zuciya ne ke haske, a ta biyu jinin da ke cikin ɗakunanta. A duka biyun ruwan da ke cikin jakar ba ya samun komai cikin lokacin da ake ɗaukar hoton, don ba tsoka a cikinsa, ba jijiya.

Kyamarar da ke ɗaukar hoton ba ta fitar da haske ko kaɗan, majiyyacin ne fitilar. Kowace ƙwayar teknishiyom da ta lalace takan saki hasken gama, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa nama ya fito. A fuskar kyamarar akwai farantin dalma mai dubban ƙananan ramuka, wanda ba ya barin kowane haske ya wuce sai wanda ya taho a miƙe. Bayansa akwai faffaɗan ƙanƙarar sinadarin sodiyom ayodaid, kaurinta bai kai santimita ɗaya ba, wadda ke ƙyalli duk lokacin da hasken ya dake ta, sai bututan da ke bayanta su mayar da ƙyallin lantarki, kwamfuta ta rubuta inda ya faɗa. Hal Anger ne ya ƙirƙiro wannan tsari a Berkeley a ƙarshen shekarun 1950, kuma har yau shi ne ginshiƙin yawancin kyamarorin. Majiyyaci yana kwance a kan siririn gado, hannuwa sama da kai, wayoyin auna bugun zuciya uku a ƙirji, kan kyamarar yana zagaya shi kaɗan-kaɗan daga dama zuwa bayan hagu, rabin da'ira, cikin minti 15 zuwa 20. Ɗakin da sanyi, don ƙanƙarar nan tana iya tsagewa idan zafi ya sauya mata farat ɗaya, kuma wannan ne ya sa ɗaukewar wutar lantarki ta fi zama barazana ga sashen nan fiye da yawancin sassan asibiti.

A hoton mai lafiya gaɓoɓin suna jingine da juna. Zuciya tana haske, hanta a ƙarƙashinta tana haske har kusan su haɗe, huhu a gefe biyu yana da ɗan hasken da bai kai nasu ba amma ana ganinsa. Idan akwai ruwa mai yawa a jakar, sai a ga wani baƙin zobe ya kewaye zuciyar, ya raba ta da hanta daga ƙasa, ya ture huhu daga gefe. Faɗin zoben yana bin yawan ruwan. Akwai wasu alamun da ke rakiyarsa. Zuciyar da ke tsakiyar zoben sau da yawa ƙarama ce, tana bugawa da sauri da ƙarfi, alhali hoton ƙirji na eksire da majiyyacin ya zo da shi a cikin ambulan yana nuna inuwa ƙatuwa mai faɗin gindi. Idan aka kunna hotunan a jere bisa bugun zuciya, akan ga duk zuciyar tana lilo cikin ruwan maimakon ta matse a inda take. Ruwan kuma yana shanye wani kaso na hasken kafin ya fito, har bangon zuciya ya yi kamar jini bai ishe shi ba, a ɗora wa jijiya laifin da ba nata ba.

Duk wannan a ɗanyen hoto ake ganinsa, wato jerin hotunan da kyamara ta ɗauka tana zagayawa, kafin kwamfuta ta sarrafa su. Ita kwamfuta an tsara ta ne ta yanko ɗakin hagu na zuciya, ta yayyanka shi fai-fai, ta shafa masa launuka, ta zubar da duk abin da ke kewaye. Zoben yana cikin abin da ake zubarwa. Likitan da ya tsallake ɗanyen hoto ya tafi kai tsaye ga masu launi zai iya rubuta cewa jini yana isa ko'ina, maganarsa gaskiya ce, amma ya sallami mutum da lita guda ta ruwa a ƙirji. Duban bai fi minti ɗaya ba, kuma a nan ne ake tsintar wasu abubuwan ma, kamar ƙari a huhu ko a mama da ya sha sestamibi.

Akwai lokacin da wannan hoto shi ne hanyar da ake bi da gangan. A 1958, a Cleveland ta Amurka, Rejali da MacIntyre da Friedell suka bayyana yadda ake yi wa furotin ɗin jini alama da ayodin-131, a bi ƙirji layi-layi da na'urar da Benedict Cassen ya ƙera, a fitar da taswirar jinin da ke cikin zuciya. Sai a ɗora taswirar a kan hoton eksire a gwada faɗinsu. Idan sun yi daidai, zuciyar ce ta kumbura. Idan inuwar eksire ta fi taswirar jinin faɗi sosai, to abin da ke tsakani ruwa ne. Tambaya ce mai muhimmanci, don maganin ɗaya yana iya kashe mai ɗayan, kuma sauran hanyoyin wancan zamani sun haɗa da ɗura iskar kabon dayoksaid cikin jijiya a ɗauki hoto, ko a soka allura a gani. A 1965 Harvey Feigenbaum na Indiana ya nuna cewa sauti yana gano ruwan ba tare da allura ko haske ba, kuma cikin 'yan shekaru eko ya karɓe aikin gaba ɗaya. Ya cancanci karɓewa. Babu dalilin da zai sa a ɗora wa mai haki tafiyar Ibadan don neman ruwan jakar zuciya, alhali asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da eko.

Zoben ma yana ruɗi. Kitse mai kauri a kewayen zuciya yana iya ba da irinsa. A hoton jini, bangon zuciyar da hawan jini ya kaurara shi ma baƙi yake fitowa, ya yi kama da ruwa. Ruwan da ke jakar huhu ko a ciki yana raba gaɓoɓi ta wata fuska. Ƙaramin ruwa kuwa ba ya fitowa sam, don idon kyamarar bai kai nan ba. Ko zoben ya tabbata, ba ya faɗin ko ruwa ne ko jini ko mugunya. Sababbin kyamarori da ke haɗe da na'urar CT sun rage wannan shakka, tunda hoton CT ɗin da ake ɗauka don gyara lissafin haske yana nuna ruwan ƙarara. Akwai kuma hoton PET da ake yi da sukari mai alamar fulorin-18, wanda ke haska jakar kanta idan tana da kumburin tarin fuka ko ciwon daji, sai dai shi rabin ƙarfinsa minti 110 ne, dole a ƙera shi kusa da inda za a yi amfani da shi.

Tafiyar teknishiyom a jiki gajeriya ce. Bayan awa 24 abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin 16 ba, ban da wanda ya fita ta fitsari da bayan gida. Ana ce wa majiyyaci ya sha ruwa da yawa, ya ɗan nisanci jarirai da masu ciki a ranar. Hasken da jiki ke sha a cikakken gwaji na hutu da na motsa jiki yana kusa da milisibat 10, kwatankwacin abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin shekara huɗu. Sirinji da auduga ana ajiye su cikin akwatin dalma na kwana uku kafin a zubar. Saniya takan yi mako ɗaya zuwa biyu tana aiki, sannan a kulle ta a ɗakin ajiya har ta huce.

Shi kuwa wanda aka ga zobe a hotonsa, ba a barin sa ya kama hanyar gida da alkawarin sakamako mako mai zuwa. Ana duba shi a take, a nemi alamu ukun da likitan tiyata Claude Beck ya jera a 1935: faɗuwar awon jini, kumburin jijiyoyin wuya, da dusashewar sautin zuciya. Ana auna ko awon jininsa na sama yana faɗuwa fiye da maki 10 idan ya ja numfashi. Idan hoton hutu aka fara ɗauka, akan dakatar da na motsa jiki, don maganin da ke buɗe jijiyoyi haɗari ne ga zuciyar da ke matse. Sai a kai shi eko. A can ake auna ruwan: ƙasa da milimita 10 kaɗan ne, 10 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 mai yawa. A can kuma ake ganin ko bangon ɗakunan dama yana lotsawa, alamar cewa shaƙewa ta fara. Irin wannan majiyyaci sau da yawa ya riga ya sha maganin sa fitsari na makonni, saboda kumburin ƙafa da haki sun sa an ɗauka ciwon zuciya ne na yau da kullum, alhali rage ruwan jiki yana ƙara wa matsattsiyar zuciya wahala.

Idan ruwan ya yi yawa ko yana matse zuciya, ana zuƙe shi da doguwar allura da ake sokawa ta ƙarƙashin ƙashin ƙirji ko ta gefen hagu, eko yana nuna hanya, a bar siririn bututu na kwana ɗaya ko biyu. Sauƙin yakan zo tun kafin a cire rabin ruwan. Na tarin fuka sau da yawa jaja-jaja yake fitowa, gauraye da jini. Ana aika shi ɗakin gwaji a nemi ƙwayar cutar da na'urar GeneXpert, a auna sinadarin ADA, a duba ko akwai ƙwayoyin daji, a kuma yi wa majiyyacin gwajin ƙanjamau. Idan tarin fuka ne, magani na wata shida ne, wata biyu da magunguna huɗu, wata huɗu da biyu, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, don haka a garinsu zai sha. Babban binciken da Bongani Mayosi na Jami'ar Cape Town ya jagoranta a kan majiyyata 1,400 a ƙasashen Afirka, aka buga a 2014, ya nuna cewa ƙara maganin firednisolon bai rage mace-mace ba, amma ya rage ƙanƙancewar jakar, sai dai ya ƙara yawan ciwon daji ga masu ƙanjamau.

Ƙanƙancewar nan ita ce abin da ake sa wa ido bayan ruwa ya tafi. Jakar da ta sha kumburi tana iya yin kauri, ta taurare, wani lokaci har ta yi alli, ta kama zuciya ta hana ta buɗewa. Alamunta kumburin ciki da ƙafafu da jijiyoyin wuya, watanni bayan an ɗauka an warke. Saboda haka ake maimaita eko lokacin shan magani da bayan an gama. Idan ƙanƙancewar ta tabbata kuma ba ta saki ba bayan makonni shida zuwa takwas ana shan maganin tarin fuka, sai tiyata, a buɗe ƙirji a feɗe jakar daga jikin zuciya, aikin da ake yi a asibitocin da ke da likitocin tiyatar ƙirji.